Yadda Za Ka Zaɓi Folo-Fokas Mai Sauƙin Kuɗi Don Ɗaukar Bidiyo

Shekarun baya mun ɗauki wani gajeren fim a cikin wani zaure. Fitowar mai sauƙi ce a takarda: uwa na zaune tana tsince shinkafa a faranti, 'yarta ta ɗaga labule ta shigo, fokas ya tashi daga hannun uwar ya sauka a fuskar yarinyar daidai lokacin da ta yi sallama. Ina da sabon folo-fokas, wato wilin murza fokas daga gefen kyamara, da na sayo da arha. Na ɗaura shi, na ja layi biyu da maka a kan farin faifansa, ɗaya na hannun uwa, ɗaya na bakin ƙofa. Sau shida muka maimaita, kuma a ƙaramin allon kyamara komai ya fito daidai. Sai da muka zauna tacewa a kwamfuta na ga ɓarnar. A ɗauka ta huɗu, wadda yarinyar ta fi zuba wasa har idonta ya kawo ruwa, zaren labulen da ke bayanta ne ya fito tar, fuskarta kuwa dishi-dishi. Hannuna ya tsaya a kan layin da na ja, amma na'urar ba ta mayar da lensin inda layin ya nuna ba. Dole muka haƙura da ɗauka ta biyu, wadda ba ta kai waccan ba, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Tun daga ranar nake duba folo-fokas da ma'auni ɗaya: in na koma kan alamata, shin fokas ya koma inda na bar shi? Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan tambayar ya rataya.

Me na'urar take yi maka

Folo-fokas wili ne da ake murzawa da hannu daga gefen kyamara. A cikinsa akwai ƙaramin akwati da ke karya juyin ya miƙa shi ga wani ɗan wili mai haƙora, shi kuma ya ciji haƙoran da ke jikin lensi ya juya zoben fokas. Hannunka ba ya taɓa lensin, don haka hoto ba ya girgiza. Farin faifan da ke jikin wilin kuma yana ba ka damar yin alama ka dawo kanta sau goma.

Buƙatarsa ta ƙaru ne tun da Canon ta fitar da 5D Mark II a 2008, masu ƙaramin ƙarfi suka samu babbar sensa a hannu, kowa ya fara son abin da ke bayan mutum a hoto ya narke ya yi dishi-dishi. Wannan kyau yana da tsadarsa. A kyamara mai cikakkiyar sensa irin ta 5D ɗin nan, lensi 50mm a f/1.8, wato a buɗe sosai, mutum na nesa da kai mita 2, abin da ke fitowa tar bai wuce kusan santimita 17 ba. In ka ɗaura 85mm a f/1.8 a wannan nisan, ya ragu zuwa kusan santimita 6, wato daga ido zuwa kunne ma bai kai ba. Mutum ya ɗan sunkuya ya fita. A irin wannan matsatsin wuri, kuskuren rabin haƙori ya isa ya ɓata fuska.

Mataki na farko: ka fara da lensinka kafin ka leƙa kasuwa

Nan ne mafi yawan mutane ke tafka asara, don haka zan daɗe a kai. Ɗauko duk lensin da kake aiki da su ka jera a gabanka, ka gwada su ɗaya bayan ɗaya. Iri uku za ka tarar.

Na farko shi ne wanda zobensa ke juyawa ya kai ƙarshe ya tsaya cak, hagu da dama. Kusan duk lensin da aka ƙera don fim haka yake, haka ma tsofaffin lensin hannu irin su Helios 44-2 na zamanin Tarayyar Sobiyet da tsofaffin Nikon. Wannan shi ne abokin folo-fokas na gaskiya, domin kowane wuri a jikin zoben nisa ɗaya yake nufi, yau da gobe.

Na biyu shi ne wanda in ka kai ƙarshe sai ka ji ya ɗan yi nauyi amma zoben ya ci gaba da zamewa. Yawancin lensin Canon EF masu USM haka suke, irin 24-105mm f/4L, haka ma Sigma 18-35mm f/1.8 da masu bidiyo ke so. Za ka iya aiki da su lafiya lau, da sharaɗi ɗaya: kada ka taɓa wuce ƙarshe. Da zarar zoben ya zame ko da kaɗan ne, duk alamomin da ka yi sun tashi aiki. Maganin wannan shi ne folo-fokas mai makaran tsayawa biyu, waɗanda ake kira A da B, ka kulle su kafin ƙarshen kowane ɓangare.

Na uku shi ne mai wahalar. Kashe kyamarar ka murza zoben. In ya yi ta juyawa ba iyaka kuma babu abin da ya motsa a ciki, to zoben ba shi da haɗi da gilasan. Saƙo kawai yake aika wa moto na cikin lensin. Canon 50mm f/1.8 STM haka yake, haka ma yawancin lensin otofokas, masu kama fokas da kansu, na kyamarorin zamani marasa madubi, na Sony da Fujifilm da Panasonic da Canon RF da Nikon Z. Matsalar da yawa daga cikinsu ita ce suna auna saurin hannunka. Ka murza a hankali, fokas ya ɗan matsa. Ka murza daidai wannan tazarar da sauri, ya yi tsalle mai nisa. A kan irin wannan lensi, ko folo-fokas na ARRI ka ɗaura, alamarka ba za ta tsaya ba.

Kafin ka yanke ƙauna, shiga menu. Panasonic na da wurin da ake mayar da zoben ya zama Linear, har ka zaɓi yawan juyin daga digiri 90 zuwa sama a lensin da suka yarda da hakan. Fujifilm ma na da zaɓin Linear. A Canon R akwai zaɓin da ke ɗaure fokas da yawan juyin zobe maimakon saurinsa. Sony kuwa a jikin lensin abin yake, tana rubuta Linear Response MF a bayanin waɗanda ke da shi. In ka samu wannan, alamominka za su yi aiki muddin kyamarar na kunne. Ka kashe mata barcin da take yi don tanadin batir, kuma duk lokacin da ka canza batir ka sake duba alamominka.

In lensinka na rukuni na uku ne kuma babu wannan zaɓi, ga shawarata da zuciya ɗaya: ajiye maganar folo-fokas tukuna, ka tara kuɗin ka sayi lensin hannu guda ɗaya. Samyang, wanda ake sayarwa da sunan Rokinon a Amurka, da Meike da 7Artisans da Sirui duk suna da lensin fim masu sauƙin kuɗi, da haƙoransu a jiki tun daga masana'anta. Ƙari a kan haka, zobensu na da doguwar tafiya, wasu har digiri 270, alhali lensin hoto da yawa tafiyarsu gajera ce ƙwarai, mita 2 da mita 5 suna manne da juna. Doguwar tafiya ita ke ba hannu sarari ya sauka a hankali.

Abu biyu kuma ka lura da su tun lensin na hannunka. Wasu tsofaffin lensi zobensu na matsawa gaba da baya yayin da kake murzawa, don haka suna buƙatar haƙora masu faɗi kada cizon ya kuɓuce. Sannan lensin Nikon na F suna juyawa ne akasin na Canon. In kana gauraya su, hannunka zai riƙa ruɗewa sai ka nemi na'urar da ake iya juya mata akwati.

Mataki na biyu: wa zai ja fokas, kuma a kan me kyamarar take

Ka faɗa wa kanka gaskiya game da irin aikin da ke kawo maka abinci. In kai kaɗai ne a wurin biki, kana bin amarya daga kamu zuwa dina da gimbal, mariƙin da ke hana kyamara girgiza, a hannu, kuma kyamararka ta zamani ce mai gane ido, otofokas zai fi hannunka sau da yawa. Wilin hannu a nan nauyi ne kawai, ba ka ma da hannun da zai murza shi. Amma akwai inda otofokas ke ba da kunya, kuma duk mai ɗaukar biki ya sani: amarya a lulluɓe da mayafi, masu liƙi suna ta giftawa ta gaban kyamara, fitilu masu launi suna walƙiya, hayaƙi ya cika fili. A nan ne fokas ke tsalle daga amarya ya kama hular wani. In wannan ne damuwarka a kan gimbal, folo-fokas mai moto kake buƙata, wanda za ka sarrafa da yatsa daga mariƙi.

In aikinka a kan tirayifod ne ko a kafaɗa, hira, wa'azi, talla, fim mai shiri, to na hannu ya ishe ka, kuma shi na fi ba mai farawa shawara. Ba ya cin batir, ba ya neman caji a lokeshan da babu wuta, ba ya jinkiri, kuma yatsunka suna jin nauyin lensin kai tsaye.

In kuwa kana da mataimaki da zai ja maka fokas alhali kyamarar na yawo, mara waya ne amsar. Sai dai ka sani kuɗin bai tsaya a kan moto da wili ba. Mataimakin yana buƙatar ganin hoto, wato monita da na'urar aika hoto irin ta Hollyland ko Accsoon, da batiransu. Mutane da yawa sun sayi moto suka ajiye saboda ba su sa wannan a lissafi ba.

Akwai kuma hanya mafi arha duka, wadda ban raina ba: ɗan hannu na roba da ake ɗaure wa zoben lensi, kana tura shi da yatsa. Ka manna farar takarda a jikin lensin ka yi alamarka a kai. Ga mai hira a zaune, sau da yawa wannan ya wadatar.

Mataki na uku: haƙora da rodi

Wannan lissafi ne kawai, ba ya ɗaukar lokaci. Haƙoran da duniyar fim ta daidaita a kai su ne 0.8, za ka ga an rubuta 0.8 MOD ko M0.8. Tsakanin haƙori da haƙori kusan milimita biyu da rabi ne. Duk abin da za ka saya, zobe ne ko wili ko moto, ya zama 0.8. Masu lamba 0.5 da 0.6 na lensin kyamarorin gidan talabijin ne. In ka haɗa su da 0.8 ba za su ciji juna ba.

Rodin da ake maƙala na'urar a kai mai kaurin milimita 15 ne. In biyu ne a ƙarƙashin kyamara, tsakaninsu milimita 60 ne daga tsakiya zuwa tsakiya. Na milimita 19 na manyan kyamarori ne, ba ruwanka da shi. Ƙananan folo-fokas na yanzu rodi ɗaya suke kamawa, wanda ake ɗaurawa a jikin keji, firam ɗin ƙarfen da ake saka kyamara a ciki. In ba ka da keji ko farantin ƙasa mai ramin rodi, sa kuɗinsa a lissafi tun yanzu.

Lensin hoto ba shi da haƙora, sai ka saka masa zobe. Akwai na ɗamara, wanda ake zagayawa a ɗaure, yana shiga kowane lensi amma yana barin kulli da jela da ke tokare wili in juyin ya yi nisa. Akwai kuma zobe marar gaɓa na roba, wanda ake sayarwa bisa girma, misali 72 zuwa 74. Shi na fi so nesa ba kusa ba. Zagaya zoben lensinka da tef ɗin tela ka auna a milimita, raba abin da ka samu da 3.14, ka sami faɗinsa a milimita. Saya wa kowane lensi nasa ka bar shi a jiki, kada ka riƙa cirewa da mayarwa a lokeshan.

Girman ɗan wilin da ke cizon lensi ma yana da tasiri. Za ka ga masu haƙora 38, 43, ko 65. Babba yana juya lensi da sauri, ƙarami a hankali. Lensin hoto mai gajeriyar tafiya ƙarami yake so, don ya shimfiɗa maka tafiyar. Lensin fim mai digiri 270 kuwa babba zai taimake ka ka ƙure shi ba tare da ka saki wili ka sake kamawa ba.

Mataki na huɗu: gwajin wasa

Duk wanda ya taɓa tuƙa tsohuwar mota ya san sitiyari mai wasa: ka murza kaɗan, taya ba ta amsa ba tukuna. Haka akwatin folo-fokas mai arha yake yi, kuma shi ne ya cinye mini fuskar yarinyar nan a zaure. In ka zo kan alamarka daga hagu, lensin na wuri ɗaya. In ka zo daga dama, yana wani wuri dabam, alhali layin da ke gabanka bai canza ba.

Ga yadda ake kama shi, kuma kada ka biya kuɗi sai ka yi. Riƙe ɗan wilin mai haƙora da yatsu biyu gam, kada ya motsa. Da ɗaya hannun ka girgiza babban wilin gaba da baya a hankali. In ka ji ya yi ƙwas-ƙwas, ko ka ga alamar na tafiya alhali haƙoran na tsaye, wasa ke nan. Mai kyau za ka ji kamar ƙarfe ɗaya ne, ko kuma motsin ya yi ƙanƙantar da ido ba ya gani. Bayan haka ka saki haƙoran ka juya wilin zagaye guda cikakke, a hankali, ido a rufe. Nauyinsa ya zama ɗaya daga farko har ƙarshe. In akwai inda ya cije da inda ya saki, za ka ga wannan cijewar a hotonka.

Sai gwaji na biyu, da kyamararka da lensinka. Ka tafi da su shagon. Mai kaya nagari ba zai hana ka ba. Shimfiɗa jarida ko tef ɗin awo a kan tebur yana nisa da kai a karkace, buɗe lensin iya buɗewarsa, ƙara girman hoton a allo, ka sa fokas a kan layi ɗaya ka yi alama. Yanzu ka kau da ido daga allon. Murza zuwa nesa ka dawo kan alama, duba. Murza zuwa kusa ka dawo, duba. Yi haka sau goma. In layin da ka zaɓa ne ke fitowa kowane lokaci, ka sami abin saye. In yau wannan layi gobe na ƙasa da shi, mayar wa mai shi kayansa komai arharsa.

Yayin da kake wannan gwaji, sa ido a kan maƙalar rodi. Wani lokaci akwatin lafiyarsa ƙalau, amma hannun da ke riƙe da shi ne ke lanƙwasa ko yake zamewa a kan rodi, sai haƙora su rabu su yi tsalle. Matse sukurun da yatsa kawai, sannan ka tura na'urar gefe. Bai kamata ta gusa ba. Duba makaran A da B su ma: in ka buge su da ɗan ƙarfi suna nan daram, ko suna ja da baya kaɗan-kaɗan? Sannan farin faifan ya zama ana iya cire shi, kuma maka na goguwa a kansa.

In ta intanet za ka yi oda, ka yi waɗannan gwaje-gwaje ranar da kayan suka iso, tun lokacin mayarwa bai wuce ba. In na hannu ne za ka saya wurin wani, gwajin ya fi zama dole, domin wasa yana ƙaruwa da tsufa. Wasu akwatunan suna da ɗan sukurun da ake matsewa a rage shi. Tambayi mai sayarwa ya nuna maka.

Waɗanda suka cancanci dubawa

A ɓangaren na hannu, SmallRig na da ƙaramin folo-fokas mai lamba 3010, Tilta kuma na da Mini da Pocket. Dukkansu rodi ɗaya na milimita 15 suke kamawa, suna da makaran A da B, kuma farashinsu na yawo ne a wajen dala 100 ko ƙasa da haka; a naira kuwa yana bin canjin ranar da kuɗin kawowa. A ƙasa da su akwai tarin marasa suna masu rabin wannan kuɗi ko ƙasa. Daga cikinsu na sayi wancan nawa. Ban ce duka ba su da kyau ba, amma biyu daga kwali ɗaya ma kan bambanta, don haka ba na sayen irinsu sai na riƙe a hannu na gwada. Hausawa sun ce sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma a nan bambancin kuɗin bai kai na sake tara 'yan wasa a lokeshan rana guda ba.

A ɓangaren mara waya, Tilta Nucleus Nano ne ya buɗe wa masu ƙaramin ƙarfi ƙofa, sannan Nano II ya biyo baya a 2023 da allon taɓawa da USB-C, a wajen dala 300. SmallRig na da MagicFIZ, PDMovie na da Live Air. In gimbal ɗinka DJI ne na jerin RS, fara duba moton fokas na kamfanin, domin wilin da ke gaban mariƙin ne ke sarrafa shi, ba sai ka ƙara wani abu a hannu ba. Ka dai tabbatar samfurinka na karɓarsa, don RS 3 Mini ba ya ɗauka. Nucleus-M mai moto biyu da DJI Focus Pro mai auna nisa da LiDAR sun haura abin da ake kira sauƙin kuɗi. Ranar da aiki ya buƙace su, haya ta fi.

Tambaya uku za ka yi wa kowane moto. Daga ina yake shan wuta, kuma fawa-bankin da kake da shi zai iya ba shi? Ƙarfinsa zai juya lensinka mafi tauri, musamman tsohon lensi da giris ɗinsa ya bushe? Sannan yana yarda ka nuna masa farko da ƙarshen tafiya da hannunka? Wannan na ƙarshe dole ne ga lensin rukuni na biyu da na uku, domin moto kan gano iyaka ne ta hanyar juyawa har ya ji ya tokare, su kuwa ba sa tokarewa. Kunna shi kuma a ɗaki shiru ka saurara. Kukan moto yana shiga makirfon da ke kan kyamara.

Mataki na biyar: ɗaurawa

Fara da kyamarar kanta. Ta zauna daram a keji ko faranti, ba ta juyawa ko kaɗan. Sukuru ɗaya a ƙasa sau da yawa ba ya isa, nemi kejin da ke kama ta a wuri biyu. Saka zoben haƙora a tsakiyar zoben fokas, a miƙe, ba a karkace ba. Zura na'urar a rodi, kawo ɗan wilin ya haɗu da haƙoran lensi, su shiga juna sosai amma ba da dannawa ba. In ka danna da ƙarfi za ka ture lensin gefe, hoton ya riƙa motsi duk lokacin da ka canza hannu. In ka bari sako-sako kuma ka ƙirƙiro wasa da kanka.

Yanzu kalli allo ka murza gaba da baya da sauri. In hoton gaba ɗaya na ɗan tsalle hagu da dama, lensin ne ke motsi a mazauninsa. Wannan ya fi faruwa in akwai adafta a tsakani, kamar lensin EF a kan Sony. Maganinsa madogarar lensi, ɗan ƙarfen da ke zaune a kan rodi yana tallafe shi, ko adafta mai ƙafar da ake ɗaurewa a keji. Moto ya fi hannu tsananta wannan matsala saboda ƙarfinsa, don haka in yana da zaɓin ƙarfi, sa shi a mafi ƙanƙantar da zai iya juya lensin.

A gimbal, sai ka gama ɗaura moto da rodi da kebul sannan ka daidaita nauyi.

Mataki na shida: alama da atisaye

A jikin kyamararka akwai 'yar alama, da'ira da layi ya ratsa ta. Nan sensa take, kuma daga nan ake auna nisa, ba daga bakin lensi ba. Sa wa ɗan wasa alama a ƙasa da tef, inda zai fara da inda zai tsaya. Ya tsaya a kowace, ka ƙara girman hoto, ka kama idon da ya fi kusa da kai, ka ja siririn layi a faifai. Layi mai kauri kansa kuskure ne a f/1.8. In tafiyar doguwa ce, ƙara alama ɗaya ko biyu a tsakiya, don ka san ko kana gaba da shi ko kana baya.

Ka saba da zuwa kan kowace alama daga ɓangaren da za ka zo mata a ainihin ɗauka. In daga kusa za ka tafi nesa, to haka za ka yi lokacin jan layin. Wannan ɗabi'a kaɗai tana shafe yawancin ɗan wasan da ya rage a na'ura mai arha. In lensin zum ne na hoto, kada ka yi zum ka kama fokas sannan ka ja baya ka ɗauka yana nan. Yawancinsu suna sakin fokas in an canza zum. Tsaya a inda za ka ɗauka, ka yi amfani da maɓallin ƙara girman hoto.

Kada ka ji kunyar rufe lensi. Wancan 50mm ɗin a mita 2, in ka mayar da shi f/4, sararinka ya tashi daga santimita 17 zuwa kusan 38, kuma abin da ke bayan mutum bai daina laushi ba. A fitowar da ɗan wasa zai yi kuka ko ya yi faɗa, wadda ba lalle ya iya maimaita ta ba, ni f/4 nake zaɓa in ƙara haske.

Atisaye kuwa a gida ake yin sa. Sa ƙaninka ya taho daga bakin ƙofa zuwa gabanka, a hankali, sannan da sauri, sannan ya tsaya ba zato. Ɗauka, ka kalla a babban allo, ba a na kyamara ba. Za ka lura cewa yayin da yake nesa wilin kaɗan yake buƙata, yana matsowa kuma sai hannunka ya ƙara gudu, domin alamomin nesa a cushe suke, na kusa a warwatse. Minti goma sha biyar kullum na mako biyu zai sa yatsunka su riƙe wannan.

In hunturu ya shigo, ƙura ce abokiyar gabar haƙora. Bayan kowane aiki ka bi zoben da ɗan wilin da busasshen buroshin haƙori. Kada ka shafa musu mai ko giris a waje, ƙura za ta manne ta zama kamar yashi tana cin robar. Goge faifan a ranar, don maka da ya kwana biyu yana kama farin. Zoben roba kuma yana saki in ya sha rana, saboda haka kada ka bar kyamara a cikin mota a rufe a zafin Afrilu, kuma duk safiyar aiki ka riƙe zoben ka gwada murza shi a kan lensin. In ya zame, naɗa siririn tef zagaye ɗaya a ƙarƙashinsa kafin ka ja layin farko.